Na Bi Ɗana Zuwa Filin Ƙwallon Kwando

Ya ku iyaye 'yan'uwana, ina so in ba ku labarin abin da ya same ni a daminar shekara ta 2022. Ba babban abu ba ne a idon duniya, gama labarin wasan samari ne. Amma ni ya koya mini abin da ban koya a aji ba, ko da shi ke na fi shekara 15 ina koyarwa a makarantar ikilisiyarmu.

Waɗanda su ke Sakkwato a wannan shekara ba za su manta da ita da wuri ba. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai ran 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ɗalibai suka cika unguwarmu ta Runjin Sambo, ba karatu, ba aikin yi. Sa'an nan a watan Mayu aka kashe wata ɗaliba mai bi a wata kwaleji a garin nan. Gari ya rikice, har gwamnati ta sa dokar hana fita. An ɗage dokar daga baya, amma tsoro bai fita daga zukatanmu ba. Maƙwabtan da mu ke zama mu yi hira da su shekara da shekaru, muka koma gaisawa a tsaitsaye. A gidajen masu bi kuwa, an ja wa yara kunne: daga gida sai ɗakin sujada, daga ɗakin sujada sai gida.

Na Hana Abin Da Ban Gani Ba

Ɗana na fari yana da shekara 16 a lokacin. Da aka ba su dogon hutu, sai na lura kowace la'asar ya kan ɓace, ba ya dawowa sai dab da magariba, jikinsa sharkaf da gumi, gwiwa duk ƙurjewa. Ran nan na tsare shi a bakin ƙofa, na ce, "Ina ka ke zuwa?"

Ya ce, "Baba, ƙwallon kwando mu ke yi. 'Yan jami'a ne suka shirya gasar hutu."

Na ce, "Su wane ne 'yan jami'an?"

Ya ce, "Na unguwa ne. Akwai namu, amma Musulmi sun fi yawa."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce daga yau ƙafarsa kada ta sāke taka wurin. Bai yi musu ba, gama yaro ne mai biyayya. Kwana 3 yana zaune a gida, yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, amma fuskar nan ba haske. A dare na uku uwargida ta ce mini, "Malam, ni ma ina jin tsoro, ka sani. Amma ka hana abin da ba ka gani ba. In yaron nan ya koyi fita a ɓoye fa? Ka je ka gani tukuna. In wurin banza ne, ni da kaina zan kulle ƙofa."

Maganar ta yi mini ɗaci, domin gaskiya ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuwa gudun tsumman na ke yi ban sani ba ko macijin ne. Kashegari na ce wa yaron ya wuce gaba, ina biye.

Filin Da Yadda A Ke Wasan

Filin yana cikin harabar wata makaranta. Daɓen siminti ne, ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagun. Ƙarfe biyu a tsaye, kowanne da allon katako da zobe. Zobe ɗaya ya karkace, ragarsa kuwa igiyar shanya ce wani ya saƙa. Na sami gindin dogon yaro na zauna bisa bulo, ina shirin in ƙirga laifofi.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba, ga yadda ya ke. Mutum 5 ne a kowane gefe. Zoben yana sama, ƙafa 10 daga ƙasa. Ba a gudu da ƙwallo a riƙe, sai dai mutum ya riƙa buga ta a ƙasa yana tafiya, ko ya miƙa wa ɗan'uwansa. Wanda ya jefa ta cikin zobe ya sami maki 2. In daga nesa ya jefa, bayan wani layi mai kama da baka, maki 3 ne. In aka yi wa mutum ƙeta yana cikin jifa, a kan ba shi jifa ba mai tare shi, kowace ɗaya maki 1. Wanda ya yi ƙeta sau 5 ya fita ke nan. Wasan kashi 4 ne, kowane kashi minti 10.

Ɗaliban su suka shirya kome da kansu. Ƙungiya 6 suka yi. Kowa ya kawo ɗan abin da ya samu, aka sayi ƙwallo da usur da ruwan leda. Suka sa wasa ran Talata da Alhamis da Asabar, domin kada ya shiga Jumma'a, kada kuma ya shiga Lahadi. A kan fara bayan sallar la'asar, da an ji kiran magariba kuwa alƙali ya hura usur, ko ina aka tsaya. Sun kuma yi wata doka wadda ta ba ni mamaki: tilas kowace ƙungiya ta ɗauki ɗan sakandare ɗaya, tilas kuma a sa shi cikin wasa, ba zaman benci kaɗai ba. Ta haka ɗana ya sami shiga.

Na zo domin rana ɗaya. Sai ga ni ran Alhamis, sai ga ni ran Asabar. Kafin mako 2 har an san bulona, ba mai zama a kai.

Samari Huɗu

Ba zan faɗi sunayensu ba, sai dai laƙabin da mu 'yan kallo muka ba su.

Na farko shi ne Dogo, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo. In ya tsaya a gindin zobe ya ɗaga hannu, sai ka ce giginya. Ba shi da sauri, jifarsa daga nesa kuma abin dariya ce, shi da kansa ya sani, don haka ba ya yin ta. Amma duk ƙwallon da ta bugi zobe ta dawo, tasa ce. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ke tare jifa. Waɗansu su kan make ƙwallo da ƙarfi ta faɗa cikin 'yan kallo, a yi ihu, amma ƙwallon ta koma hannun abokan gaba. Dogo kuwa sai ya taɓa ta a hankali ta faɗa hannun ɗan ƙungiyarsa. Ba a yi masa ihu, amma ƙungiyarsa ta sami ƙwallo.

Na biyu Gajere, ɗan asalin cikin gari, yana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bai kai kafaɗar Dogo ba. Shi ya ke ɗauko ƙwallo daga baya, kansa a sama, bai taɓa duban ƙwallon da ya ke bugawa ba. Ya kan dubi hagu ya miƙa dama. Wata rana na ɗauki biro na ƙirga: maki 4 kaɗai ya ci da hannunsa, amma sau 11 ya ba wani ƙwallon da ta shiga. In ƙaramin yaronsu ya ɓata wasa, ba ya yi masa tsawa. Da sun dawo, shi zai sāke ba ƙwallon, domin kada tsoro ya zauna masa.

Na uku Mai Littafi. Yaro ne mai ƙiba, yana karatun lissafin kuɗi a wata kwaleji. Ba ya wuce minti 3 a fili sai numfashi ya gagare shi. Amma shi ya ke zuwa da fari ya share ruwan sama daga daɓen da tsintsiya. Shi ya ke rubuta maki da ƙeta a littafi, shi ya ke riƙe kuɗin gasar, kowace Asabar kuma ya karanta wa kowa abin da ya shigo da abin da ya fita. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, wasa bai ƙare lafiya ba, gama kowane gefe yana da nasa lissafin. Ran nan muka san ko wane ne ginshiƙin gasar.

Na huɗu Sarkin Jifa, kyaftin na ƙungiyar ɗana. Ba wanda ya kai shi iyawa. Daga ko'ina ya tashi sama, ƙwallo sai ta shige ba ta taɓa ƙarfe ba. Amma in ƙwallo ta shiga hannunsa, sai ka ce ta faɗa rijiya. Ko mutum 3 sun rufe shi, ɗan'uwansa yana tsaye shi kaɗai a gindin zobe yana ɗaga hannu, shi dai jifa zai yi. Kowane usur sai ya yi gardama da alƙali. Ina baƙin cikin gaya muku cewa wannan namu ne. Yana cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiya, ni kuma na koyar da shi a aji 5 da aji 6. Na je neman laifin 'ya'yan waɗansu, sai na tarar da na gidanmu.

Inda Wasan Ya Fito

Malami ba ya son kallon abin da bai san tushensa ba, don haka na bincika. Ashe wanda ya ƙago wasan malamin makaranta ne kamar ni, sunansa James Naismith, mutumin Kanada. Ya yi karatun tauhidi, amma maimakon ya riƙe ikilisiya sai ya zaɓi ya yi wa Ubangiji hidima a cikin samari ta wurin motsa jiki. A watan Disamba 1891 yana koyarwa a makarantar horon ma'aikata ta ƙungiyar samari masu bi, watau YMCA, a garin Springfield na Amurka. Sanyi ya hana ɗalibai fita waje, zaman ɗaki ya ishe su, suka zama abin damuwa. Aka ce ya nemo musu wasan da za a yi cikin ɗaki ba tare da an ji wa juna ciwo ba.

Ya sa aka kafa kwandunan 'ya'yan itace guda 2 a sama, ya rubuta dokoki 13. Ya hana gudu da ƙwallo, domin in ba mai gudu da ita, ba dalilin kayar da mutum. Ya hana turi da duka da tadiya. Ya sa kwandon a sama domin ƙarfin tuwo kada ya yi amfani, sai auna hannu. Da fari kwandon yana da gindi, duk sa'ad da ƙwallo ta shiga sai an hau an ciro ta. Naismith ya rayu har ya ga an buga wasansa a gasar Olamfik ta Berlin a 1936. Ku duba fa, 'yan'uwa: domin samarin da zaman banza ya ishe su aka ƙago wasan nan, irin waɗanda suka cika unguwarmu a wannan damina.

Abu na biyu da na gano ya fi ba ni mamaki. Hakeem Olajuwon, ɗan wasan da Nijeriya ba ta yi kamarsa ba, an haife shi a Legas a 1963. Golan ƙwallon ƙafa ne shi, yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana da shekara 15 makarantarsa, Muslim Teachers College, ta zo wasannin kwalejojin horon malamai a nan Sakkwato. Ƙwallon hannu ya zo bugawa, sai wani abokin karatunsa ya roƙi mai horarwa a sa shi cikin 'yan ƙwallon kwando. A garin nan namu aka buɗe masa ƙofa.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. Da ya fara yi musu wasa bai taka rawar kirki ba, yawanci daga benci ya ke shigowa. A dogon hutu sai ya riƙa zuwa wani ɗakin wasa da a ke kira Fonde, inda manyan 'yan wasa su ke haɗuwa da 'yan jami'a. A can ya yi ta karo da Moses Malone, gwarzon da a ke ji da shi a lokacin. Malone bai raga masa ba, shi kuwa bai gudu ba. Da aka koma makaranta sai ga shi ya zama wani mutum dabam. A 1984 shi aka fara zaɓa cikin dukan sababbin 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na 3. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Musulmi ne mai riƙon addininsa, har ya kan yi wasa da azumi a bakinsa cikin watan Ramadan. Da na karanta wannan sai na gane hikimar dokar ɗaliban nan ta ɗaukar ɗan sakandare. A lokacin hutu ne babba ya ke goge ƙarami.

Ranar Da Jini Ya Zuba

A mako na uku ƙungiyar ɗana ta haɗu da ta Gajere. Jama'a sun taru fiye da kullum, har da waɗansu samari da ban taɓa gani ba, suna zaune bisa katanga. Cikin kashi na uku, ƙaramin yaron ƙungiyar Gajere ya tsere da ƙwallo, ya tashi sama. Ɗana ya biyo shi a guje, ya yi tsalle domin ya tare, amma ya makara. Ya bangaje shi, yaron ya faɗi ta haɓa a kan siminti. Da ya ɗago, jini yana zuba bisa rigarsa.

Wurin ya yi tsit. Sa'an nan wani daga bisa katanga ya ɗaga murya ya kira ɗana da sunan nan da ku duka kun sani, wanda a ke kiranmu da shi in ana so a tada fitina. Mutum biyu suka diro ƙasa. Na miƙe tsaye, gwiwoyina suna rawa, ina duban ƙofar harabar ina auna nisanta. A zuciyata na ce, "Ya Ubangiji, ni na kawo shi."

Ɗana ya ɗaga hannunsa sama, alamar ya karɓi laifi, kamar yadda aka koya musu. Ya durƙusa ya kama yaron ya tashe shi. Gajere kuwa ya ɗauki ƙwallon ya sa a hammata, ya taka a hankali har gindin katanga. Bai yi ihu ba, amma kowa ya ji shi. Ya ce, "Ƙetar wasa ta. Alƙali ya busa, jifa biyu. Wanga fili ba a faɗin wagga magana. Wanda duk bai iya kallo, ga ƙofa." Dogo, wanda ba ranar wasansa ba ce, ya taso ya tsaya a bayansa, bai ce uffan ba. Mai Littafi ya kawo ruwa da auduga. Waɗanda suka diro suka tsaya jim kaɗan, suka juya suka fita. Aka sa wani ya yi jifa biyun a madadin yaron, wasa ya ci gaba. Duka bai fi minti 5 ba, amma ni ji na yi kamar yini guda.

Da dare na ɗauki ɗana muka tafi gidan su yaron, muka tarar an yi masa ɗinki 3. Na yi sallama, mahaifinsa ya fito, dattijo ne mai furfura. Na ce, "Alhaji, ɗana ne ya ji wa ɗanka ciwo. Mun zo ba da haƙuri, mun zo kuma da kuɗin magani." Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce, "Malam, ɗiya na, wasa su kai. Mai da kuɗinka. Zuwan da ka yi ya isa." Ya dubi ɗana ya ce, "Gobe in ka tashi tsalle, ka duba inda ɗan'uwanka shi ke." Shekara 9 mu ke unguwa ɗaya da mutumin nan, ban taɓa sanin ƙofar gidansa ba sai ran nan.

Kada ku ji kamar ina cewa ƙwallo ta warkar da garinmu. Ba ta warkar ba. Wanda ya yi ihun nan yana nan, irinsa kuma suna da yawa. Iyalin da suka rasa 'yarsu a watan Mayu, ba wasan da zai share musu hawaye. Abin da na ke faɗi shi ne, a ranar da na fi jin tsoro, Allah ya tsare ɗana ta hannun samarin da na so in raba shi da su. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a Romawa sura 12 mu yi iyakar abin da ke hannunmu domin zaman lafiya da kowa. Na sha koyar da wannan, amma Gajere ne ya nuna mini yadda a ke yinsa.

Tsohon Ɗalibina

Bayan sujada wata Lahadi na kira Sarkin Jifa gefe. Na ce, "Ɗana, Allah ya ba ka hannu. Amma me ya sa ba ka ba 'yan'uwanka ƙwallo?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, in faɗi gaskiya?"

Na ce ya faɗa.

Ya ce, "A ajinka, wanda ya zo na ɗaya shi a ke kira gaba a tafa masa. Ran da na nuna wa na kusa da ni yadda a ke raba lissafi, bulala ka yi mini. Tun daga nan na san kowa tasa ta fisshe shi."

Na tuna ranar. Ba jarrabawa a ke yi ba, aikin aji ne, ni dai na ga suna magana na ɗauki bulala. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasa. Na ce masa ban kyauta ba, ya gafarce ni. Muka buɗe 1 Korintiyawa sura 12 muka karanta tare, inda aka kwatanta jama'ar Almasihu da jiki ɗaya mai gaɓoɓi dabam dabam, kowace gaɓa tana bukatar 'yar'uwarta. Bai ce mini kome ba, ya yi godiya ya tafi. Tun daga zangon da ya biyo baya, a ajina akwai kyautar wanda ya zo na ɗaya, akwai kuma ta wanda ya fi taimakon 'yan'uwansa.

Wasan Ƙarshe

A ƙarshen Satumba aka yi wasan ƙarshe tsakanin ƙungiyar Dogo da ta su ɗana. Hadari ya haɗu a gabas, kowa yana duban sama. Saura daƙiƙa kaɗan, su Dogo suna da 47, namu 46, ƙwallo tana hannun Sarkin Jifa. Mutum 2 suka rufe shi, Dogo yana jiransa a gindin zobe. Kowa ya san abin da zai yi. Ya tashi sama kamar zai jefa, sai ya miƙa wa ɗana, wanda ya ke tsaye shi kaɗai a kusurwa.

Ina so in ce muku ta shiga, amma ba ta shiga ba. Ta bugi karkataccen zoben nan, ta yi rawa, ta faɗo hannun Dogo. Aka hura usur. Ɗana ya tsuguna ya rufe fuska. Na zuba wa Sarkin Jifa ido, gama na san halinsa. Sai na ga ya je ya dafa kan yaron ya ce, "Tashi. In an sāke, kai zan sāke ba." Kofin roba ne aka saya a kasuwa, su Dogo suka ɗauka. Ni kuwa na koma gida cikin yayyafi, zuciyata fari fat.

Mafarkin Amurka

Sauran magana ɗaya. Da gasar ta ƙare, ɗana ya ce shi fa Amurka za shi, kamar Olajuwon. Ban yi masa dariya ba, ban kuma yi masa ƙarya ba. Na ce masa kowace shekara mutum wajen 60 ne kaɗai NBA ta ke zaɓa daga duniya duka, Olajuwon kuwa tsawonsa kusan ƙafa 7 ne, shi bai kai 6 ba. Na ba shi labarin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da samari a can. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Amma da ilimi da naci ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors, a ƙarƙashinsa kuma suka ci kofi a 2019. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa domin horar da yaran nahiyarmu. Na ce, "Ka gani, ƙofar fili ɗaya ce, amma ta ilimi ta fi faɗi."

Muka yi yarjejeniya. Karatu da safe, aikin gida kafin fita, dawowa kafin duhu, ba wasan da zai hana sujada. Na tuna masa 2 Timoti sura 2, inda aka nuna cewa ɗan wasa ba ya samun lada sai ya bi ƙa'ida. Ya riƙe alkawarinsa. Yanzu yana babbar makaranta, in ya zo hutu kuma shi ya ke tara ƙananan yaran unguwa a filin nan, namu da na maƙwabta. Ƙanwarsa ma ta fara tambaya. Da na buɗe baki zan ce wasan maza ne, sai ta tuna mini cewa 'yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun ci kofin Afirka sau 5 a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kuma kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Paris a 2024, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba, ko ta maza ko ta mata. Na ce ta bari in yi shawara da uwarta. Na riga na san abin da uwar za ta ce.

'Yan'uwa iyaye, ban ce ku saki 'ya'yanku su tafi duk inda suka ga dama ba. Akwai filayen da ƙwaya da caca suka cinye, in kun ga irinsu ku hana, kada ku ji nauyi. Amma kafin ku hana, ku je ku gani. Ku zauna ku san abokansu, ku san iyayen abokansu. Yaro zai jure faɗan uban da ya taɓa zama a bakin fili domin ya kalle shi. Bari Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu, ya tsare fitarsu da shigarsu, ya ba garinmu salama. Amin.